Kansilan da Ya Zama Sarkin Musulmi

'Yan uwana ɗalibai, idan ka tare mutanenmu a bakin ɗakin karatu ka ce su gaya maka abin da suka sani game da marigayi Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, mafi yawansu jirgin ADC za su ambata maka. Waɗanda suka ɗan zauna kusa da manya za su ƙara da rikicin sarauta na 1988. Daga nan sai shiru. Shekara 10 da 'yan watanni ya yi a kan gadon Shehu, amma kafin nan ya haura shekara 30 yana aikin hukuma, kuma babban kaso na shekarun nan da sunan kansila da kwamishina ya yi su. E, kansila. Muƙamin nan da mu 'yan sashen mulki da gudanarwa muke tsokanar juna da shi idan mutum ya faɗi jarrabawa, a ce ya koma gida ya nemi kansila. Wannan ɓangare na rayuwarsa nake son mu duba, don a ganina ya fi shafarmu, mu da za mu ajiye biro nan da 'yan watanni.

An haife shi ranar 20 ga Afrilu, 1928, a ƙasar Dange da Shuni, kusa da birnin Sakkwato, shekara 10 kafin mahaifinsa Abubakar na III ya hau gadon sarauta. Sunan Maccido daga Fulatanci ya fito, ma'anarsa bawa. Irin sunan nan ne da ake laƙaba wa yaron da 'yan uwansa suka yi ta rasuwa suna jarirai, kamar yadda Bahaushe ke cewa Bawa ko Ajuji, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Ya yi karatu a Zariya, sannan tsakanin 1952 da 1953 aka tura shi kwalejin South Devon da ke Ingila, inda Turawa kan kai ma'aikatan ƙasashen da suke mulka don koyon tafiyar da ƙananan hukumomi. Tun kafin tafiyar ma, a 1951, ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna. Shekararsa 23 ke nan, wato da shekara ɗaya ya girme ni a yau. Kada dai wannan ya ruɗe mu. Zaɓen 1951 ba irin wanda muka sani ba ne. Mataki-mataki ake yin sa, wakilai su zaɓi wakilai, kuma ɗan Sarkin Musulmi ba ya cikin masu fargabar faɗuwa. A gida kuwa da sarautar Sarkin Kudu aka san shi, har zuwa ranar da ya zama Sarkin Musulmi.

Sai mutum ya san mece ce En'e kafin ya gane nauyin kujerar da ya hau. A zamanin Turawa da Jamhuriya ta Farko, hukumar En'e ita ce gwamnatin da talaka ya sani. Kaduna labarinta kawai yake ji, Ikko kuwa sai a rediyo. En'e ke karɓar haraji da jangali ta hannun hakimai da dagatai, ita ke da baitulmali, ita ke da 'yan doka da gidan yari da kotunan alƙalai. Makarantun elementare nata ne, haka ɗakunan shan magani, da gandun daji, da kasuwanni, da hanyoyin da ke tsakanin gari da gari. Lardin Sakkwato yana da irin waɗannan hukumomi guda 4: Sakkwato, Gwandu, Argungu, da tamu ta Yauri, wadda Sarki Abdullahi ya riƙe daga 1923 zuwa 1955, ɗansa Muhammadu Tukur ya gaje shi. Ta Sakkwato ita ce uwa a cikinsu, don ta haɗa abin da a yau ya zama jihohin Sakkwato da Zamfara gaba ɗaya. Da can sarki shi kaɗai ne hukuma. Bayan da Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna a 1950 ya nemi a gyara tsarin, sai aka soma ɗaure sarki da majalisarsa, har aka yi dokar En'e ta 1954. Daga nan kansiloli suka riƙa riƙe sassan aiki kamar yadda ministoci ke riƙe ma'aikatu. Sardauna Ahmadu Bello kansa ta wannan ƙofa ya shigo. Kansila ne a En'en Sakkwato kafin duniya ta san shi.

A 1956 aka ba Maccido kansilan ayyuka, yana da shekara 28. A 1959 ya koma raya karkara, a 1960 kuma aka ba shi aikin gona. Sunayen ba su da wani armashi a kunne, amma ku duba abin da ke ƙarƙashinsu. Arzikin ƙasar Sakkwato a lokacin auduga ce da gyaɗa da fata da dabbobi, kuma layin dogo bai kai birnin Sakkwato ba. A Ƙauran Namoda ya tsaya tun 1929, bayan ya ratsa Gusau. Duk buhun gyaɗar da aka noma a ƙauye sai ya hau jaki ko raƙumi ko babbar mota ya bi hanyar burji kafin ya ga jirgin ƙasa. Idan damina ta cinye kwalbati guda, gari guda ya yanke daga kasuwa, kuma harajin da En'e ke jira daga garin nan ya shiga wani hali. Don haka gyaran hanya bayan ruwa ya ɗauke, gina rijiyoyin siminti, rumfunan kasuwa, azuzuwa, gidajen alƙalai, duk a wuyan sashen ayyuka suke. Sashen gona kuma shi ke da malaman gona masu yawo a kan keke, da rabon irin auduga, da koya wa manoma huɗa da shanu. Kansila yana da ma'aikata a ƙarƙashinsa, yana da kasafi a cikin kiyasin shekara, kuma akwai Razdan da Di'o da masu binciken kuɗi da ke bin sawun kowane sule. Idan aiki ya lalace an san ƙofar da za a buga.

Ban ce zamanin nan aljanna ba ne, kuma ba zan yarda wani ya ce mini haka ba. Hanyoyin da muke yabo, da yawansu da gumin talakawan da aka tara ba da son ransu ba aka share su. 'Yan dokan En'e da kotunanta su ne bulalar da aka zane 'yan NEPU da ita. Mata a Arewa ba su jefa ƙuri'a ba sai 1976. Kansila irin Maccido ba mazaɓa ce ta kawo shi ba, gidansu ne ya kawo shi, kuma talakan da bai ji daɗin aikinsa ba, ba shi da hanyar sauke shi. Gab da zaɓen 1959, lokacin da faɗan jam'iyyu ya yi zafi a ƙasar Zamfara, shi aka tura ya wakilci fada don kwantar da tarzoma. Masu yabonsa suna kafa hujja da wannan wajen nuna iya sulhunsa, kuma na yarda da su. Amma na kan sa kaina a matsayin ɗan adawar ƙauye na wancan lokaci, wanda mai sulhun da aka aiko masa ɗan sarki ne, ɗan majalisa ne na ɓangaren da ke mulki. Da wuya ya gan shi a matsayin ɗan ba-ruwanmu.

Inda ba a gardama a kan halinsa shi ne 1966. Bayan kisan Sardauna, gari ya hargitse, har wani gungun masu fushi suka doshi cocin Katolika na Sakkwato da niyyar rusa shi. Maccido yana cikin waɗanda suka fita suka tare su, suka yi ta ba su baki har suka watse. Mutumin da ya shekara 10 yana zama da hakimai da 'yan kasuwa da leburori a kan rigimar fili da kuɗin rumfa ya san yadda ake yi wa taro magana. Irin wannan ba a ajin South Devon ake koyon sa ba.

A watan Mayun 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, aka haɗa Lardin Sakkwato da na Neja aka yi Jihar Arewa maso Yamma, hedikwata Sakkwato, gwamna Usman Faruk, wanda ɗan sanda ne. Gwamnonin lokacin sukan ɗauko fararen hula su naɗa su kwamishinoni, su zama majalisar zartarwa. A nan Maccido ya riƙe ma'aikatar gona, daga baya aka mai da shi ta lafiya. Shehu Shagari ma a wannan majalisa ya zauna, har ya riƙe ilimi kafin a kira shi Ikko a 1970. A daidai shekarun nan ne sojoji suka karɓe 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Wato Maccido ya bar gidan ne daidai lokacin da ake kwance masa ginshiƙai, ya koma sabon gidan da ƙarfin ya koma.

Mu 'yan bakin ruwa a nan labarin ya iso ƙofar gidanmu, don Yauri da Ngaski da Shanga duk a cikin wannan jiha suka faɗa. An fara ginin madatsar Kainji a 1964, ruwa ya taru a 1968, ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130. Mutane kimanin 44,000 aka tasa. Tsohuwar Busa ta nutse, ita tana ɓangaren Jihar Kwara a lokacin, amma tsibiran Gungawa da garuruwan gaɓar gabas namu ne. Gwamnatin tarayya ta gina dam ɗinta, an gina wa mutane sababbin gidaje na bulo, an buɗe aiki da biki a 1969, manya sun koma Ikko. Abin da ya rage a ƙasa shi ne manomin da ya gaji ban-ruwan albasa a kan lallausar ƙasar tsibiri, aka wayi gari an ɗora shi a kan tudu mai tsakuwa, nesa da ruwan da ya saba ɗiba da ƙwarya. Ga masunta baƙi da suka yi ta kwararowa saboda kifin sabon tafki, ga makiyaya da fadamunsu suka shige ruwa. Duk wannan ba aikin injiniyan lantarki ba ne. A kan teburin ma'aikatar gona ta jiha ya sauka, ita da En'en Yauri. Tsofaffinmu har gobe idan suna hirar tashi, ba megawat suke ambata ba. Gona suke ambata, da kushewar iyaye da ruwa ya rufe. Kafin mutane su gama miƙewa kuma sai farin 1972 zuwa 1974 ya sauko wa arewacin jihar, dabbobi suka yi ta faɗuwa, jama'a suka yi ta gangarowa kudu neman abinci. A irin wannan zamani ya riƙe gona da lafiya, ma'aikatu biyun da talaka ke fara tunawa da su idan rumbu ya ƙare.

A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul a ƙasa baki ɗaya. Aka binne sunan En'e, aka yi ƙananan hukumomi 301 masu tsari iri ɗaya, aka mai da sarakuna masu ba da shawara. Yau suna 774, Kebbi tana da 21. Kansila ya zama wanda mazaɓa ke zaɓa, kuma wannan ci gaba ne, ba na jayayya. To amma ku buɗe Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999, wanda ake tambayarmu a jarrabawa, ku ga abin da aka damƙa wa ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mahauta, maƙabartu, hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa, har da ba da lasisin kekuna da amalanke da kwalekwale. Kusan aikin da Maccido ya riƙe ne a 1956. Bambancin shi ne, shi an ba shi aiki da kuɗin aiki amma ba a tambayi talaka ba. Na yau an tambayi talaka, ko a ce an tambaye shi, amma aiki da kuɗin suna wani wuri. Shekara da shekaru kason ƙananan hukumomi ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi, gwamnoni da dama kuma sun fi son kantoma ko kwamitin riƙo a kan zaɓaɓɓen ciyaman. Shi ya sa kansilan yau aikinsa ya koma zuwa suna da jana'iza da sayen katin asibiti daga aljihunsa. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ta kuma haramta shugabannin riƙo. Hukunci daban, aiwatarwa daban, kowa ya sani. Amma idan kuɗin suka sauko da gaske, wa za su tarar a kan kujerar?

Tambayar ba ta wasa ba ce ga wanda ya tashi a bakin tafki. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutane fiye da 150 ya taso daga Jihar Neja ya nufi Wara, ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kaɗan ne suka tsira. Dokar manyan hanyoyin ruwa ta tarayya ce, gaskiya ne. Amma wanda zai tsaya a bakin mashiga ranar kasuwa ya ƙirga kawuna, ya duba katakon jirgi, ya ce wanga ba ya tashi sai an rage kaya, ba daga Abuja zai zo ba. Aiki ne na hukumar da ke kusa, tare da sarakunan ruwa da shugabannin masu jirage. Irin aikin da ba a sa hoton mai yin sa a allon talla ke nan, kuma irinsa ne muke raina wa, mu masu difloma, muna jiran a kira mu banki ko kwastan.

Mu koma ga mai labarin. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, Shugaba Shagari ya naɗa shi jami'insa mai kula da hulɗa da Jihar Sakkwato. Muƙami ne da ya jawo surutu a jihohin da 'yan adawa ke mulki, don gwamnoni sun ɗauke shi kishiya, amma a Sakkwato NPN ce sama da ƙasa. Juyin mulkin ƙarshen 1983 ya rufe wannan babi. Da tsufa da ciwo suka kama Sarki Abubakar, Maccido ya koma gefensa, yana cikin 'yan majalisar da suka riƙa tafiyar da al'amuran fada.

Sarkin ya rasu ranar 1 ga Nuwamba, 1988, bayan shekara 50 a kan mulki. Ranar 3 ga wata labari ya cika gari cewa masu zaɓen sarki sun tsai da Maccido, mutane suka yi ta tururuwa yin mubaya'a. Ranar 6 ga wata gwamnatin soja ta Janar Babangida ta sanar da Baraden Sakkwato, Ibrahim Dasuƙi, daga gidan Buhari ɗan Shehu, gidan da bai taɓa yin sarautar ba. Gari ya kama da wuta kwana da kwanaki, aka rasa rayuka akalla 10. Wani abin lura da ba a cika faɗa ba: shi ma Dasuƙi mutumin harkar ƙananan hukumomi ne, shi ya shugabanci kwamitin da gwamnatin Buhari ta kafa a 1984 don duba tsarinsu. Mutum biyu da suka san baitulmali da kiyasi ciki da waje, amma ranar da aka zo rabon gadon Shehu, bakin bindiga ne ya raba gardama.

Shekara 7 da rabi Maccido ya yi yana zaune a gefe. Yana da jama'a, kuma jama'ar a fusace take, da ya ɗaga yatsa da an sake kwasar gawa. Bai ɗaga ba. Mutane suna kiran wannan haƙuri, wasu su ce tawakkali ne na gidan malamai. Ni ina ƙara wani abu a kai: wanda ya ga Zamfara a 1959, ya tsaya gaban masu fushi a 1966, ya san cewa taro idan ya tashi ba mai riƙe linzaminsa, kuma 'ya'yan talakawa ne ke kwana a ƙasa.

A watan Afrilun 1996 gwamnatin Janar Abacha ta tuɓe Dasuƙi, aka ɗauke shi a jirgi aka kai shi Jihar Taraba. Ranar 21 ga wata aka naɗa Maccido Sarkin Musulmi na 19. A nan ma sai a faɗi gaskiya: hannun da ya hana shi a 1988 irinsa ne ya ba shi a 1996, kakin soja ne duka biyun. Abin da ya bambanta shi ne mutanen gari sun karɓi na biyun da murna, kuma shi bai bi magabacinsa da ramuwa ba. Ya nemi a sassauta masa. Ya shugabanci Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci da Jama'atu Nasril Islam a shekarun da ƙasa ta koma mulkin farar hula, aka yi ta taƙaddamar shari'a da rikice-rikicen Kaduna da Jos, kuma muryarsa kullum ta kwantar da hankali ce. A 2004 ya jagoranci bikin cikar jihadin Shehu Usmanu shekara 200. Masu son sarki mai tsawa sun ce ya cika sanyi. Da sanyin nan dai ya riƙe gidan shekara 10 ba a sake jin irin ta 1988 ba.

Kwanaki kaɗan bayan Ƙaramar Sallar 2006 ya je Abuja wani taro a kan ilimi da gwamnatin Obasanjo ta kira. Ranar Lahadi, 29 ga Oktoba, ya shiga jirgin ADC ƙirar Boeing 737 zai koma Sakkwato. Jirgin ya tashi cikin iska mai ƙarfi, bai yi nisa ba ya faɗo a wata gona kusa da filin jirgin. Cikin mutane 105 da ke ciki, 96 suka rasu, har da ɗansa Sanata Badamasi Maccido da jikansa, da mataimakin gwamnan Sakkwato Garba Muhammad, da Sanata Sule Yari Gandi. Dubban mutane suka raka gawarsa, aka binne shi a Hubbaren Shehu kusa da mahaifinsa. Ranar 2 ga Nuwamba aka sanar da ƙanensa, Muhammadu Sa'ad Abubakar, a matsayin Sarkin Musulmi na 20. Allah Ya jiƙansu baki ɗaya, Ya kyautata namu zuwan.